Iyakarsa Bakin Ƙofa

Ni ɗan cikin birnin Zariya ne. A unguwarmu, muna yara, in kare ya yi kuskuren ratsowa to ya shiga uku, don ba ma barinsa sai mun raka shi da jifa har bayan ganuwa. Ba wanda ya koya mana haka, ba kuma wanda ya taɓa hana mu. Shi ya sa in da wani ya ce mini wata rana za a gan ni tsugune a gindin katanga, da sanyin asuba, ina jiran ɗan kwikwiyo ya yi kashi in ce masa madalla, da na ce a kai mutumin nan a duba kansa.

A 2020 muka bar haya muka tare a ɗan gidan da na gina a bayan gari, ta wajen hanyar Shika. Lokacin gidajen da ke da mutane a layinmu ba su fi shida ba, sauran duk kangaye ne da gonakin masara. Da albashin malamin makaranta ba a riƙe gida, don haka uwargida ta kafa turke, awaki biyar da 'yan kaji. Sau biyu ana haura mana katanga. Na farko kaji aka kwashe. Na biyu aka kwance uwar akuyar, tana da tsohon ciki, muna kwance ba wanda ya ji ko motsi. Ranar uwargida ba ta yi kuka ba, amma kwana uku ba ta leƙa turken ba.

Cikin watan Agusta na 2021, ruwa na ta zuba kwana da kwanaki, na dawo daga makaranta na tarar da babban ɗana da ƙanwarsa a soro sun sa kwalin taliya a gaba, kowa ya yi tsuru-tsuru. Na buɗe. Wani abu ne ja-ja, bai fi tafin hannuna biyu ba, ciki ya kumbura kamar ƙwarya, haƙarƙari a waje, kunnuwa cike da kaska. A wani kango suka tsince shi. Mota ta take uwar a bakin titi kwana biyu da suka wuce, 'yan uwansa uku duk sun mutu a cikin ruwan da ya taru a kangon, shi kaɗai ya hau kan bulo.

Na ce su mayar da shi inda suka ɗauko. Yaron bai yi musu ba, ya dai ce, "Baba, in na mayar zai mutu." Na ce a bar shi ya kwana a soro, gobe a san yadda za a yi. Goben ce har yau.

Inna, mahaifiyata, tare muke zaune. Da ta ji labari ta fito da carbinta a hannu, ta tsaya daga nesa. Ni ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana. Ta ce, "Kai, yanzu kare za ka ajiye mana, mala'iku su ƙaurace wa gidan? To ni in haka ne a kai ni Funtuwa wurin ƙanwarka." Ta juya ta shige ɗaki.

Maganar ta tsaya mini, don ni ma abin da na sani ke nan. Bayan Magariba na samu malamin da muke ɗaukar karatu a wurinsa, na ce, "Allah gafarta Malam, ga abin da ya same ni." Bai yi gaggawar ba ni amsa ba. Ya karanto hadisin cewa wanda ya ajiye kare, in ba na farauta ko na kiwo ko na gona ba, ana rage masa lada kullum, da wanda ya ce mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da kare. Ya ce duka ingantattu ne, kada in yi wasa da su. Sannan ya ce a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki bin umarni ne. Ya tuna mini aya ta 4 a Suratul Ma'ida, inda aka halatta abin da dabbobin farauta da aka koyar suka kamo. Sai ya yi murmushi ya ba ni labarin da masu sharhin Risala suke kawowa: shi kansa mai littafin, Ibn Abi Zaid, wanda ya rubuta cewa ba a ajiye kare a gidajen gari, da katangar gidansa ta faɗi sai ga shi ya ajiye kare. Da aka yi masa magana ya ce da Imamu Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Malam ya ce, "Kana da dabbobi, an yi maka sata sau biyu. Ajiye shi don tsaro. Amma ka duba karen mutanen kogo a ina Alƙur'ani ya ce ya shimfiɗa hannuwansa. A bakin ƙofa. To nan ne iyakarsa."

Da wannan na shawo kan Inna, ko in ce ta yi shiru. Sharuɗɗa ta kafa: ba zai shiga ɗaki ba, ba zai taka inda ake shimfiɗa darduma ba, ba zai kusanci madafi da randa ba, kwanonsa daban. Maƙwabta kuwa suka samu abin faɗa, wai Malam ya zama Bature. Uwargida ce ta ji zancen a gidan suna, ta dawo ta raɗa wa kwikwiyon suna Barsu.

Makon farko mun kusa kashe shi da gata. Madarar gari muka riƙa dama masa, sai ga zawo. Na ɗaure kwalin a bayan babur na tafi asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ina ta sunkuyar da kai kada wani ɗalibina ya gan ni. Likitar ta ce bai wuce mako shida ba, kuma kumburin cikin nan tsutsa ce. Aka ba shi maganinta, aka ce a maimaita bayan mako biyu. Aka cire kaskar ɗaya bayan ɗaya. Ta rubuta mini ranakun allurai a kati: ta cutar nan mai sa 'yan kwikwiyo amai da zawon jini, wadda ake yi a maimaita, sai ta haukan kare in ya cika wata uku, daga nan duk shekara. A nan na fara jin cewa a Vom, kusa da Jos, akwai cibiyar binciken cututtukan dabbobi tun 1924, kuma ana haɗa rigakafin haukan kare a can. Ta hana ni ba shi miya mai albasa da yawa, da dafaffen ƙashin kaza, don yana tsagewa ya soki hanji. Na dawo da tuwo, da kan kifi, da ɗan romo.

Kafin ya kai ga allurar haukan ne ya ba mu tsoro. Suna wasa da auta, haƙorinsa ya karce ta a yatsa har jini ya ɗan fito. Ba mu san uwarsa ba, ba mu san me ta ɗauko ba. Na kira likitar, ta ce in wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, in kai yarinyar asibiti a ranar, kada in jira, shi kuma in tsare shi in sa masa ido kwana goma. Aka fara yi wa yarinyar allura. Kwana goman nan ban yi barcin kirki ba, Inna kuwa ba ta ce mini uffan ba, wanda ya fi mini zagi ciwo. Ya cika kwanakinsa lafiya lau yana cin tuwo.

Daga nan na ce to bari in koya masa hankali, kuma hanya ɗaya na sani. Na yanko tsumagiyar dalbejiya na rataye a soro. In na dawo na tarar ya yi fitsari a tsakar gida, sai in jawo shi in nuna masa wurin in zane shi. In ya leƙa ɗaki, duka. Ranar da ya tauna takalmin wani baƙona, sabo fil, muna ciki muna gaisawa, na yi masa dukan da sai da uwargida ta riƙe hannuna. Wata guda ina haka. Abin da na samu shi ne kare mai gane ƙarar baburina tun daga kwana, ya ruga ya shige ƙarƙashin baro. In na miƙa hannu sai ya kwanta ya saki fitsari. Fitsarin tsakar gida bai daina ba, ya dai koyi yinsa in ba na nan.

Akwai wani dattijo mai gona a bayan katangarmu, tsohon mafarauci, irin waɗanda da rani ake ɗiba a mota su da karnukansu a shiga daji. Baba muke ce masa. Ranar yana cire ciyawa ya jiyo kukan Barsu, ya leƙo ta kan katanga ya ce, "Malam, me ya yi?" Na ce fitsari. Ya ce, "Yaushe?" Na ce da safe, ina makaranta. Ya yi dariya har da riƙe fartanya. Ya ce, "Kare bai san ɗazu ba. Abin da yake yi lokacin da bulala ta sauka, shi yake zaton an dake shi a kai. Kai ka dawo, ya zo tarbarka, ka dake shi. To me ka koya masa?"

Ban da amsa. Shekara goma sha bakwai ina koyarwa.

Washegari Baba ya shigo da ƙuli-ƙuli a aljihu. Bai kira karen ba. Ya zauna a kan bulo ya juya masa gefe, yana ta ba ni labarin wani gwanki da suka taɓa bi tun hantsi har La'asar, yana ɓantarar ƙulin kamar ƙwayar dawa yana yarwa kusa da ƙafarsa. Sai da labarin ya kusa ƙarewa Barsu ya fito daga ƙarƙashin baro. Da ya saba, Baba ya ɗaga ƙulin saman hancinsa ya ja baya kaɗan. Kan ya bi hannun sama, gindin ya sauka ƙasa da kansa. Gindin na taɓa ƙasa ya ce "Zauna," ya sa masa a baki. Sau biyar ya yi, ya miƙe ya kaɗe riga. Na ce a ci gaba mana, tunda ya fara ganewa. Ya ce a'a, yaro ne, in ka wuce ɗan lokaci kaɗan hankalinsa ya tafi, gara sau uku a wuni kaɗan-kaɗan. Kuma a yi kafin a ba shi abinci, ƙosasshen kare ba ya karatu.

Na jefa tsumagiyar a murhu. Maganar kashi da fitsari ta zo da sauƙin da ya ba ni haushi, don da na sani tun farko da ban sha wahala ba. Kwikwiyo in ya tashi daga barci, ko ya gama ci, ko ya gama guje-guje, to yanzu zai yi. Sai in ɗauke shi in kai shi kusurwa guda a bayan turke, in tsaya. Yana gamawa in yaba masa in ba shi ƙuli. In ba na nan babban ɗana ya karɓe ni. Wuraren da ya saba ɓatawa muka wanke da omo sosai, don warin ne ke mayar da shi. Cikin mako uku magana ta ƙare. Taunar takalma kuwa ashe haƙora yake famfara, tsakanin wata huɗu zuwa shida, dasashin na masa ƙaiƙayi. Muka samo masa ɗanyen ƙashin sa babba daga mahauta da tsohuwar igiya mai ƙulli, takalma kuma aka koma ɗora su kan bulo.

Bakin ƙofa shi ne babban aiki, shi ne kuma alkawarin da na yi wa Inna. Ga yadda muka yi. In zauna a cikin ɗaki, ƙofa a buɗe, shi yana waje. In ya ɗago ƙafa zai tsallako dokin ƙofa, in miƙe in tare hanya da jikina, ba duka ba tsawa, har ya ja baya. Ƙafafunsa huɗu na komawa waje sai in jefa masa ƙuli can bayansa. Abinci bai taɓa fitowa daga hannuna ina ciki shi yana kan ƙofa ba, kullum a waje yake sauka. Sannu a hankali ya gane cewa arzikinsa na waje. Ya fara zuwa da kansa ya kwanta, hannuwa a miƙe, hanci dab da dokin ƙofa. Ranar da na fara ganinsa haka sai da tsigar jikina ta tashi, na tuna maganar Malam.

Amma abin ya ƙi zama. Yau ya yi daidai, gobe ya rikice. Na kai ƙara wurin Baba, ya ce in yi shiru wuni guda in saurari gidana. Na saurara. Ni ina cewa "Waje." Uwargida tana cewa "Fita." Babban ɗana "Koma," ƙanwarsa "Kai, tafi can," auta kuwa kiransa take yi ya shigo in ba kowa. Mutum biyar, yare biyar. Daren nan na tara su kamar taron malamai, muka tsayar da kalma biyar kacal: zo, zauna, waje, bari, ya isa. Na rubuta da alli a bangon soro. Wanda ya canza kalma shi zai wanke kwanon kare.

Ko'ina ya gyaru ban da madafi. Kullum da sassafe sai in gan shi a ƙofar madafi yana kaɗa bindi, har ya kan sa kai ciki. Na zargi yara, suka rantse. Na zargi uwargida, ta ce in bar ta da abin da ya dame ta. Wata asuba cikin hunturu na dawo masallaci da wuri saboda mura, na turo ƙofa a hankali. Inna ce a tsugune a madafi, ta jiƙa ƙanzon tuwon jiya a ruwan ɗumi, tana turo masa a murfin tsohuwar tukunya da bakin muciya, tana cewa ƙasa-ƙasa, "Ci maza ka tafi, kafin su tashi."

Na yi gyaran murya. Ba ta ko juyo ba. Ta ce, "Maraya ne. Kuma sanyi ake yi. An gafarta wa wani saboda ya shayar da kare, ko malamin naka bai gaya maka wannan ba?" Na ce, "Inna, ai ke kika ce kada ya kusanci madafi." Ta ce, "To ai bai shigo ba." Rabin jikinsa na ciki.

Uwa ba a kafa mata doka da alli. Abin da na samu da ƙyar shi ne ta yarda ta riƙa kai murfin gindin bishiyar mangwaro, taku goma daga madafi. Cikin mako biyu ya koma jiranta a can. Ba ta taɓa kiransa da sunansa ba. "Wannan abin" take cewa.

Kaji sun fi ba ni wuya. Yana wata bakwai ya kashe wata budurwar kaza, ba don yunwa ba, ta yi gudu ne ya bi. Wani maƙwabci ya ce in ɗaura masa mushen a wuya har ya ruɓe. Wani ya ce in ma ina son ya yi zafi in kulle shi a duhu kada ya ga mutane, in riƙa sa masa barkono a abinci. Baba ya ce irin wannan karen ne ke cizon ɗan mai gida. Sai na koma igiya. Kullum da yamma in riƙe shi nesa da akurki, a saki kaji. In ya ƙura musu ido in ce "Bari." Ya juyo ya dube ni, ƙuli. Kullum muna matsawa taku ɗaya. Sama da wata muka yi. Yanzu kaza na iya tsallake shi yana kwance. 'Yan tsaki dai har gobe ban yarda da shi a kansu ba, in an yi ƙyanƙyasa kifa musu kwando muke yi.

Babbar Sallar 2022, cikin Yuli, ita ce jarrabawarsa. Nama a rataye, ƙamshin suya ya cika gida, yara na shige da fice. Wuni guda yana kwance a gindin mangwaro, yawu na zuba, bai taka madafi ba. Ina ta cika baki a gaban baƙi. Da La'asar aka nemi fatar ragon da na shanya a kan katanga aka rasa. A bayan turke muka same ta, ya cinye gefe guda. Na ɗaga hannu, sai na tuna ba ranar da na ce masa fata ma tana cikin doka. Na sauke.

Ba zan ce ajiye shi bai ci mini komai ba. Akwai ɗan uwan da ya daina shiga gidana, a waje muke gaisawa. Almajirai sun ɗauke ƙafa har sai da na koya masa "ya isa," na kuma riƙa ɗaure shi da rana a inuwa in sake shi bayan Isha'i. Maƙwabcin da ke da jariri ya yi mini ƙorafin haushi, kuma da gaskiyarsa. Kuɗin allura da na maganin kaska duk shekara suna nan, lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 har ƙanzon sai da aka yi masa awo. Game da tsaro kuwa, ba ni da labarin jarumta. Wani dare ya yi haushin da ban taɓa ji ba, na fito da tocila ban ga kowa ba. Da safe muka ga bulo uku an jera a bayan katanga. Awakin uwargida yanzu tara ne.

Bara ƙafa ta matsa wa Inna, ƙanwata ta zo ta tafi da ita Funtuwa don ta fi samun mai kula da ita da rana. Har yanzu in na dawo daga sallar Asuba ina tarar da Barsu a gindin mangwaro, ya zuba wa ƙofar madafi ido. Uwargida ce ke jiƙa ƙanzon.

Ranar Juma'ar da ta wuce na kira Inna. Ta tambayi jikokinta ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi awaki, ta tambayi ko an gyara rariyar da ke toshewa. Har mun yi sallama zan kashe, sai na ji ta ce, "Kai, tsaya. Wannan abin, ana dai jiƙa masa da ruwan ɗumi ko? Ba ya son na sanyi."